Kwana Arba'in da Biyar

Duk layin shagunanmu babu wanda bai san Malam Saiti ba, kuma babu wanda ya nemi saninsa, shi ya bi mu shago-shago ya sanar da mu kansa. Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa. In fanka ta ƙi juyawa, matsalar saiti ce. In akuya ta ƙi cin dusa, matsalar saiti ce. Ranar da ciwon haƙori ya hana Baba Tela sakat, leƙa bakin tsohon ya yi ya ce muƙamuƙinsa ne ya bar saiti. Kafin ya zo cikinmu ya taɓa gyaran rediyo, ya taɓa kiwon kaji, ya taɓa haɗa sabulu, kowace sana'a kuma ya fito daga cikinta yana cewa mutanenta ne ba su waye ba. Ni mai yankan gilas ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a idona aka yi.

A ƙarshe dai kafinta ya zama, ya sayo injin zarto irin na tebur, wanda ya fi kowanne araha a kasuwa. Tebur ne na ƙarfe, faifan zarto ya leƙo daga tsakiyarsa, a gefe kuma an yi wata doguwar hanya siririya. Cikin hanyar nan wata sandar ƙarfe ke zamewa, a kanta akwai rabin faifai mai lambobi da noti na ɗaurewa. Shi ne ma'aunin kwana. Ka juya shi zuwa lambar da kake so, ka jingina katako, ka tura, zarto ya yanke maka kwanar da ka nema.

Baba Tela ya leƙo, tef ɗinsa rataye a wuya, ya ce, "Araha dai ba ta ado."

Malam Saiti ya yi dariyar manya ya ce, "Baba, inji ai jaki ne, mahayi ake dubawa. Ka ba ni mako guda da abin nan, masu kamfanin da kansu za su zo ɗaukar darasi."

"To Allah ya sa su zo da kujerunsu, don naka bencin ƙafa uku gare shi."

Kwana biyu da kawo injin sai ga surukarsa, mahaifiyar matarsa, wadda duk muke kira Inna. Ta zo da abu biyu: wani babban hoto a naɗe cikin jarida, da katako guda ɗaya a naɗe cikin zane. Hoton na marigayi mijinta ne, shi kaɗai ne hotonsa da ya rage. Katakon kuwa na teburinsa ne. Mai gyaran agogo ne marigayin, shekara talatin yana zaune a gaban teburin nan. Bayan rasuwarsa aka ajiye teburin a ɗakin shirgi, gara ta shiga ta cinye shi tas, sai wannan falle ɗaya na maɗaci da ya gagare ta. Tsawonsa ya kai daga ƙasa zuwa ƙirjina, ya yi baƙi ya yi sheƙi saboda shekaru.

Malam Saiti ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙe yana gyaran wuyan riga.

Inna ta ce, "Baban yara, firem nake so a yi wa hoton nan da katakon nan. Ba ni da wani, ka ji? Kuma ka ga nan," ta shafa wani wuri da ya ɗan lotsa a gefen katakon, ya yi sulɓi, "nan yake ɗora gwiwar hannunsa. A bar mini shi yadda yake, a sa shi ta ƙasa inda hannuna zai kai."

Ni na ji ta sarai. Shi kuwa bakinsa ya riga ya kama aiki tun kafin ta rufe nata.

"Inna, kin zo gidan aiki. Firem ai ba a katako yake ba, a kwana yake. Kwana arba'in da biyar nake buƙata, cif, ba ƙari ba ragi."

Kwanar yanka yake nufi, wato digiri arba'in da biyar da ake yi wa bakin kowane katako don huɗun su haɗu. Inna kuwa kunnenta ya ɗan yi nauyi, kuma ina ruwanta da digiri.

Ta ce, "Kwana arba'in da biyar? Ikon Allah. To, aikin ƙwarai ba ya son gaggawa. Allah ya kai mu."

Na buɗe baki zan gyara mata, ya taka mini ƙafa. Bayan ta tafi ya ce wai kunyar suruka ce ta hana shi yi mata gyara. Aikin yini ɗaya ne fa, amma ga shi an miƙa masa wata ɗaya da rabi. Da washegari ta dawo, da katakonta ya tsira. Ni dai a ranar na auna hoton, na yanka gilas daidai da shi, na kwantar da hoton a ƙarƙashinsa cikin durowata na kulle, don na san maƙwabcina.

Abu ɗaya ya yi na masu hankali a duk labarin nan: ya fara gwaji da katakon wani tsohon akwatin kaya. Ya juya ma'aunin zuwa arba'in da biyar yadda kamfani ya rubuta, ya yanka huɗu daidai awon hoton da na ba shi, ya haɗa, ya buga ƙusa. Na leƙa na ga kusurwa huɗun sun rufe ruf, ko takarda ba za ta shiga ba.

Na ce, "Malam, ai ka gama. Ɗauko maɗacin."

Ya dube ni irin kallon da likita ke yi wa mai tallar magani. Ya sa hannu a aljihun baya ya zaro sikwaya, ƙarfen nan mai kusurwa da kafintoci ke gwada daidaiton aiki da shi. A wurin masu tsofaffin kaya ya saye ta, kuma ba ya rabuwa da ita. Ya cusa ta a kusurwar firem ɗin ya ɗaga sama, sai ga haske siriri tsakanin ƙarfe da katako.

"Ka gani? Ka ga ha'incin kamfani? Ido yana ƙarya, Mai Gilas, sikwaya ba ta ƙarya."

"Kawo in duba sikwayar."

"Kai ka taɓa ba da aron idonka?" Ya mayar da ita aljihu.

Ya rataye firem ɗin gwajin a ƙusa a bakin ƙofa, ya manna masa takarda ya rubuta AIKIN KAMFANI da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya nuna masa, ya ce ya dawo nan da mako guda ya ga aikin ɗan Adam.

Gyara na farko, ya kwance notin ma'aunin, ya jingina sikwayarsa da faifan zarto, ya karkatar da kan ma'aunin har ya bi ta. Ya ɗauko ƙusa ya kankare lambar kamfani, ya zana tasa da jan fenti. Da ya taɓa sandar ya ji tana ɗan rawa cikin hanyarta, rawar da ba ta wuce kaurin farce ba, sai ya kama salati kamar ya ga kunama a gado. Ya naɗe ta da salatif har zagaye shida. Sannan ya tsaga katakon Inna gida huɗu, ya yanke bakunansu, ya jera su a tebur ya kira mu.

Kusurwa uku suka haɗu. Ta huɗu ta wangame, ɗan yatsana ya shige har gaɓa.

Baba Tela ya gyara tabarau ya ce, "Wannan ta iska ce? Don marigayin ya riƙa shan iska?"

"Baba, ba fanninka ba ne. Katako sabon yanka yana numfashi. In na ɗan aske bakin zai zauna."

Na ce masa yanka takwas ake yi a firem, in ma'auni ya kauce da ƙanƙanin abu, sau takwas kaucewar za ta taru a kusurwar ƙarshe. Ya ce lissafin masu gilas daban, na masu katako daban. Ya ɗan aske bakunan. Kusurwa ta huɗu ta rufe, ta biyu ta buɗe. Ya aske ta biyu, ta ɗaya ta buɗe. Haka ya wuni yana korar ramin nan daga kusurwa zuwa kusurwa, kowane zagaye kuma faɗin yatsa na katakon Inna yana zubewa ƙasa ya zama gari.

A mako na biyu salatif ya ji zafi ya narke, ya manne a hanyar, sanda ta ƙi gaba ta ƙi baya. Malam Saiti ya ce dama salatif gyaran 'yan koyo ne. Ya ɓamɓare shi da wuƙa, ya kwantar da sandar a kan dakali, ya ɗauko ƙatuwar ƙusa da guduma. Wai zai yi mata 'yan ƙuraje a gefe don ta cika hanyar. Masu yin haka sau uku ko huɗu suke ɗan ƙwanƙwasawa, su gwada, su ƙara. Shi sai da na ƙirga duka talatin da ɗaya ta cikin bango. Da ya ɗago sandar ta yi doro.

Na ce, "Malam, ta lanƙwashe."

"Ba lanƙwasa ba ce, matsewa ce. Abin da ake nema ke nan."

Ya sa ta a bakin hanyar ta ƙi shiga, ya bi ta da guduma har ta shige. Da ya zo turawa, ko gezau. Ya dafa da hannu biyu, ya tokare ƙafa da bango, teburin gaba ɗaya ya taho, sandar tana nan inda take. Sai ya je wurin masu gyaran babur ya roƙo baƙin mai a gwangwani ya tuttula mata. Ta motsa kam, amma da ya kunna injin faifan ya ɗebi man ya feshe bango, ya feshe farar rigarsa daga wuya zuwa ciki, bakunan katakon Inna kuma suka sha suka ƙoshi.

Baba Tela ya fito ya tsaya ya ƙare masa kallo. "Sannu da aiki. Zanen rigar nan a ina aka yi maka? Ina da masu son irinsa."

"Baba, ka bar ni da abin da ya dame ni."

"Ai ba kai abin ya dama ba, katakon baiwar Allah ya dama."

Mai ba ya fita daga maɗaci, saboda haka ya yanke wuraren da suka ɓaci, faɗin yatsa uku-uku a kowane baki. A ranar na auna da ido na ga firem ɗin ya riga ya fi hoton ƙanƙanta. A nan ya kamata in je in sami Inna in gaya mata. Ban je ba. Na ce wa kaina sha'anin surukai ne, ba a shiga. Gaskiyar magana kuwa daɗin kallo nake ji, kullum ina ɗokin in ga abin da zai ɓullo da shi gobe, kuma har yau in na tuna ina jin kunyar kaina.

Mako na huɗu ya shigo da sabon ilimi. Ya ce ya gano bakin zaren: kan ma'aunin ya yi gajarta, katako ba ya samun wurin jingina. Ya samo wani dogon katako ya ɗaura a jikin ma'aunin da sukurori, ya manna masa samfefa don kada aiki ya zame. Dabarar ba laifi, masu sana'a suna yi. Sai dai shi ya ɗaura sukuru ɗaya a daidai inda zarto zai bi. Ina cikin goge wani madubi na ji ƙara kamar an yar da buhun cokula, wuta ta yi tartsatsi, wani abu ya wuce fiu ya huda butar Baba Tela da ke bakin ƙofa. Haƙoran zarto uku ne suka fita.

Baba Tela ya ɗaga butar, ruwa na tsiyaya ta gefe, ya ce, "Ita ma saitinta ne ya ɓaci?"

Malam Saiti ya leƙo daga bayan tebur inda ya ɓuya ya ce, "Ƙarfen faifan ne na banza. Na faɗa muku kamfanin nan ba sa tsoron Allah."

Zarto mai giɓi ba ya yanka sai ƙuna. Kowane baki ya fito baƙi ƙirin yana hayaƙi, sai a aske, askin ma ya ƙone, a sake askewa. Garin maɗaci ja ne, ya taru a ƙarƙashin teburin ya yi tudu, shi kuma ba ya shara, wai tarin gari shi ne shaidar shago mai aiki.

Wata safiya ya shigo shagona da fara'a, har da tambayar lafiyar iyali, na san da magana.

"Mai Gilas, gilas ɗin nan da ka yanka, ina ganin ka ɗan zarce. Rage shi za ka yi. Kuma kusurwa ɗaya ka ɗan karkatar da ita kaɗan, don ta bi firem."

"Gilas daidai hoto na yanka."

"To ai hoton ma ya yi yawa. Duk wannan bangon da ke bayan marigayin, me za a yi da shi? A ɗan rage sama, a ɗan rage gefe."

"Nawa za a rage?"

Ya nuna da hannuwansa. Na duba na ce, "A haka hularsa ta tafi, kafaɗunsa sun tafi, kunne ɗaya ma sai an yi sa'a."

"Ai fuska ake nema a hoto."

Na ce makullin durowar ya ɓata. Ya wuce wurin Baba Tela neman aron almakashi ko da makulli zai fito, tsohon ya zauna a kan almakashinsa ya ce shi ma nasa ya ɓata. Da rana matar Malam Saiti ta kawo masa abinci, Baba Tela ya tsegunta mata zancen rage hoto. Ta ajiye kwanon a kan injin da ƙarfi.

"Malam, hoton Babana za ka sa wa almakashi?"

"Shawara ce kawai ake yi, Maman yara. Ke ba ki san aikin fasaha ba."

"Ina katakon?"

"Yana cikin matakin ƙarshe. Ba a nuna aiki rabi." Ya ja wani buhu ya rufe abin da ke kan benci.

"Inna kullum sai ta ƙirga kwanakin nan a kalanda. Saura tara. Na dai gaya maka."

Kwana taran nan bai zauna ba. Na ji goge-goge, na ji bugu, na ji yana magana da injin kamar mai lallashin jariri. Ana gobe wa'adi ya bi layi shago-shago, yadda ya yi ranar da ya zo, yana gayyatar mutane su zo su ga abin da ya kira sabuwar fasahar saita kwana, wadda ya ce ko a ƙasashen da ake ƙera injin ba su kai gare ta ba. Kada ka ce wauta ce ta sa shi tara wa kansa jama'a. Shi har zuciyarsa ya yarda yanka ɗaya ya rage komai ya zauna, kamar yadda ya yarda da hakan kowace safiya tun kwana arba'in da huɗu da suka wuce.

Washegari da hantsi mutane suka cika bakin shagon, masu gyaran babur, mai sayar da fenti, har da masu wucewa da suka ga taro suka tsaya. Inna ta iso da 'yarta, aka ba ta kujera a gaba. Ma'aunin kwana kuwa ba ka gane shi: ga dogon katako, ga samfefa, ga igiyar roba an ɗaure, ga wani dutse an rataya a gefe wai don nauyi ya daidaita.

Malam Saiti ya yi jawabi mai tsawo, ya nuna firem ɗin da ke rataye a ƙofa ya ce, "Wancan aikin kamfani ne. Yanzu za ku ga aikin ƙwaƙwalwa." Ya kunna inji, ya tura, igiyar roba ta tsinke, dutsen ya faɗo masa a babban yatsan ƙafa. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana cewa yana cikin tsari. Ya kashe inji, ya tattara guntaye huɗu, ya haɗa su a kan tebur, ya matsa gefe.

Kowa ya miƙa wuya ya leƙa. Firem ɗin bai wuce tafin hannuna ba. Kusurwa ta huɗu kuma tana nan a wangame yadda take tun ranar farko.

Wani daga baya ya ce, "Na hoton fasfo ne?"

Baba Tela ya ce, "Haba, ku yi masa adalci. Madubin motar 'yar tsana ne."

Dariya ta ɓarke. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baban yara, wannan na gwaji ne ko? Ina nawa?"

Gumi ya karyo masa, amma bakin nan bai mutu ba. "Inna, shi ne wannan. Gaskiya katakon ne ya tsufa, jijiyarsa ta karkace. Ko wane injiniya aka ba irin wannan katako..."

Matarsa ta ce, "Katakon Babana ne ya karkace?"

A nan haƙurina ya ƙare. Ya juya zai ba ta amsa, na sa hannu na zare sikwayar daga aljihunsa na baya. Na jingina gindinta a gefen teburin ƙarfe, na ja layi da fensir. Na kifa ta ɗaya ɓarin, na sake jan layi daga wuri ɗaya. In sikwaya lafiyarta ƙalau, layi biyun hawa kan juna suke yi. Waɗannan tun daga gindi suka raba hanya, kafin su kai ƙarshe fensir ɗin kansa ya kwanta a tsakaninsu.

Mai sayar da fenti ya matso ya duba bakin sikwayar ya ce, "Af, ai wannan ce yake zuwa da ita yana ɓalle murfin gwangwani a shagona. Ga shuɗi, ga ja, ga fari, duk nawa ne."

Matar Malam Saiti ta ce, "Da ita yake ɓamɓare ƙofar bayi in ta kumbura."

Malam Saiti ya ce, "Fensir ɗin ne ba shi da saiti."

Na shiga shagona na buɗe durowa, na ɗauko gilas da hoto. Na sauke firem ɗin gwajin daga ƙusa, na yage takardar AIKIN KAMFANI, na hure ƙurar kwana arba'in da biyar. Na saki gilas a ciki ya zauna ɗas, ko motsi ba ya yi. Na kwantar da hoton a bayansa na ɗaga. Ga marigayi nan da hularsa da kafaɗunsa da kunnuwansa biyu, cikin katakon akwatin kaya. Injin nan mai araha tun ranar da aka sauke shi daidai yake yanka, babu abin da yake nema sai a ƙyale shi.

Wannan karon babu wanda ya yi dariya, don kowa Inna yake kallo. Ta miƙa hannu ta ɗauki guntayen maɗacin nan huɗu ta ɗora a cinya. Ta ɗauki na farko ta bi shi da babban yatsa, ta juya bayansa, ta ajiye. Ta ɗauki na biyu. Sai da ta shafa huɗun, ta koma ta sake daga farko.

Ta ce, "Ina wurin gwiwar hannunsa?"

Wallahi na ɗauka a nan zai yi shiru. Sai ya gyara tsayuwa, har da ɗan murmushin wanda aka tambayi abin da ya sani.

"Wannan lotsawar? Ai na goge ta da samfefa tun shekaranjiya, Inna. Ita ke hana katakon kwanciya, tana ɓata saiti. Shafa ki ji yadda ya yi sumul."

'Yarta ta rufe baki da gyale ta juya baya. Inna ta daɗe tana dubansa, irin duban da suruka ba ta saba yi wa mijin 'yarta ba. Sannan ta ce da ni, "Ɗan nan, ara mini tsintsiya."

Na ce ta bari in share mata, ta ce a'a. Tsohuwar nan ta durƙusa a gaban jama'a, ta shimfiɗa zanen da ta naɗo katakon a cikinsa, ta shiga ƙarƙashin injin tana tattaro jan garin nan a hankali, tana tsince ƙusoshi da guntayen salatif tana yarwa. Ta tara shi tas, ta ɗora guntaye huɗun a kai, ta ƙulle. Masu gyaran babur suka sunkuyar da kai, wasu suka fara zamewa.

Ta miƙe, ta rungumi hoton a hannu ɗaya, ƙunshin a ɗaya. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Shekara talatin mai hoton nan yana gyaran abin da bai kai ƙwayar gero ba, ban taɓa jin ya ce shi gwani ne ba. Laifina ne. Na raba katakon nan da gara, na ɗauko shi da hannuna na kawo shi gidan zago."

Ta wuce, 'yarta na biye da ita, ko kwanon abinci ba a bar masa ba. Ya tsaya a tsakiyar shago yana ɗingishi, ya dubi ragowar mutane ya buɗe baki, na tabbata wani saitin zai ɗora wa laifi. Baba Tela ya riga shi.

"Malam Zago, in ka huta, ga butata tana jiran gyara."

Daga ranar sunan Saiti ya mutu a layinmu. Har masu kawo masa katako, in sun sauke, sai su tambaya ko nan ne shagon Zago, su kuma tsaya su ga an shigar da kayan kafin su tafi, kamar masu yi wa katakon sallamar ƙarshe.